GININ ƘWAƘWALWAR YARO TUN DAGA GOYO

GABATARWA

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. An daɗe ana kawo wannan karin magana wajen zancen tarbiyya, to, amma binciken likitoci da masana ilmin yara ya nuna cewa ta shafi ita kanta ƙwaƙwalwa, domin kuwa mafi yawan gininta ana yin sa ne kafin yaro ya shiga aji ɗaya na firamare. Wannan labari ya bazu cikin jama'a, saboda haka a manyan garuruwan ƙasar nan an buɗe wurare da dama inda ake karɓar yara 'yan shekara ɗaya zuwa uku, ana yi wa iyayensu alkawarin za a kaifafa musu basira tun kafin su iya magana sosai. Waɗansu wuraren suna da amfani ƙwarai, waɗansu kuwa kuɗin iyaye kawai suke ci. Maƙasudin wannan ɗan littafi shi ne a bayyana wa iyaye yadda ƙwaƙwalwar yaro take girma, da abin da yake taimakonta, da abin da yake cutar da ita, domin kowa ya san inda zai sa dukiyarsa da lokacinsa.

MISALIN WATA UWA A JOS

Ga misalin abin da yakan faru a gidaje da yawa. Wata mata ce mai sana'ar ɗinki a unguwar Nasarawa cikin garin Jos, maigidanta kuwa yana sayar da kayan lambu a kasuwar Farin Gada. Suna da ɗa guda, ɗan fari, wanda ya cika shekara biyu. Wata rana ta ji ɗan maƙwabciyarta, sa'an ɗanta, yana rera baƙaƙen boko yana ƙirga har goma da Turanci, nata kuwa kalmominsa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. Hankalinta ya tashi, ta ga kamar an tsere wa ɗanta tun ba a fara tafiya ba. Da ta ɗauki adashinta sai ta biya kuɗin wani aji da ake yi wa ƙananan yara ran Asabar, wanda aka ce yana buɗe ƙwaƙwalwa.

A wannan aji yara sun fi ashirin, malama ɗaya ce, iyaye kuwa a waje ake barin su. Akan zaunar da yara a kan kujeru, a riƙa ɗaga musu katuna masu hotuna da sauri ana faɗar sunayensu, sa'an nan a kunna musu waƙoƙi a talabijin. Bayan wata uku yaron ya iya kwaikwayon amon waƙoƙin, amma in yana son ruwa sai dai ya nuna randa ya yi kuka. Kowace Asabar kuma da rigima ake raba shi da zanen uwarsa.

Kakarsa ta wajen uba, wadda take zaune tare da su, ita ta fara magana. Ta ce, "Ke 'yar nan, wannan maigida nawa ba makaranta ce ta yi masa kaɗan ba, hira ce. Kina kan keke tun safe, shi kuma an miƙa masa waya ya yi shiru." Matar ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ai kin san ɗan fari ne, ina jin nauyin a gan ni ina ta surutu da shi." Tsohuwa ta ce, "Kunyar ɗan fari a gaban mutane ake yin ta. A cikin ɗaki wa ya hana ki?"

Da ta kai shi awo a asibitin unguwa, ma'aikaciyar lafiya ta duba nauyinsa da kunnuwansa, ta ga lafiya lau, ta kuma ba ta shawarar da ta yi daidai da ta tsohuwar. Daga nan aka janye masa waya. Uwar ta riƙa zaunar da shi kusa da kekenta tana ba shi ƙyallaye yana warewa, tana faɗa masa wannan ja ne, wannan fari, wannan babba, wannan ƙarami. Uban ya riƙa ɗaukarsa ran Lahadi zuwa gidan namun daji da ke kusa da Gidan Tarihi na Jos, suna dawowa ana tambayarsa abin da ya gani. Kaka kuwa ta riƙe tatsuniya da dare. Kafin ya cika shekara uku ya zama shi ne mai damun gida da tambaya. Daga baya aka sa shi a wata makarantar reno ta kusa da gida, mai yara kaɗan a aji, inda ake wasa da yashi da ruwa da 'yan katakai, kuɗinta ma bai kai na ajin farko ba.

Ba kowane yaro ne zai bi wannan hanya daidai ba, domin yara sun bambanta wajen saurin magana da tafiya. Amma dalilin da ya sa shawarar tsohuwar ta yi aiki abu ne da masana suka tabbatar.

YADDA ƘWAƘWALWA TAKE GIRMA

Ran da aka haifi jariri, ƙwaƙwalwarsa ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na girman ta babban mutum ba. Kafin ya cika shekara uku takan kai wajen kashi 80 cikin 100, a shekara biyar kuwa wajen kashi 90. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma kusan dukansu da su ake haihuwar yaro. Abin da yake ƙaruwa bayan haihuwa shi ne hanyoyin da suke haɗa ƙwaya da ƙwaya, waɗanda ta cikinsu ne saƙo yake bi har yaro ya gane murya, ya riƙe suna, ya miƙa hannu ya ɗauki abu. Masana a Jami'ar Harvard ta Amurka sun ƙiyasta cewa a shekarun farko ana ƙulla irin waɗannan hanyoyi fiye da miliyan ɗaya cikin kowace daƙiƙa.

Waɗannan hanyoyi kamar turbar ƙafa suke a daji. Wadda ake bi kullum takan faɗaɗa ta zama gwadabe, wadda aka daina bi kuwa ciyawa takan cinye ta. Haka ƙwaƙwalwa take ƙarfafa abin da yaro yake ji da gani da taɓawa yau da gobe, ta zubar da abin da ba a amfani da shi. Shi ya sa likitoci suke ba da muhimmanci ga kwana 1,000 na farko, watau daga ɗaukar ciki har yaro ya cika shekara biyu. Wannan ba ya nufin ƙofa tana rufewa a shekara uku. Mutum yana koyo har tsufansa, sai dai gyaran gini bayan ya bushe ya fi wuya, ya kuma fi tsada.

Babban abin da yake buɗe waɗannan hanyoyi shi ne amsa wa yaro. Jariri ya yi gwaranci, uwa ta amsa; ya nuna kaza, uba ya ce kaza ce; ya yi murmushi, a mayar masa. Abin ya yi kama da luguden mata biyu a turmi ɗaya: wannan ta sauke taɓarya, waccan ta ɗaga. Idan ɗaya ta tsaya, lugude ya mutu. Talabijin da waya suna iya yin magana yini guda, amma ba sa jiran yaro ya ba da tasa amsar, ba sa kuma duban inda idonsa ya nufa.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

A shekarar 2003 wata masaniya mai suna Patricia Kuhl, ta Jami'ar Washington a Amurka, ta buga sakamakon wani gwaji da ta yi da jarirai 'yan wata tara waɗanda Turanci kaɗai ake yi a gidajensu. An sa waɗansu sun zauna sau 12 da mutanen da suke yi musu wasa da karatu da harshen Sinanci, waɗansu kuma aka nuna musu mutanen nan a talabijin, ko aka kunna musu muryarsu kawai. Waɗanda suka zauna da mutum ido da ido sun koyi rarrabe sautukan Sinanci. Waɗanda suka kalli talabijin ko suka saurari murya ba su koyi kome ba.

Akwai kuma zancen da ya yaɗu cewa kiɗan wani mawaƙin Turai mai suna Mozart yana ƙara wa jarirai basira, har ana sayar da faya-fayai a kan haka. Asalin maganar wani ƙaramin gwaji ne da aka buga a 1993 a Kalifoniya, kuma ba da jarirai aka yi shi ba, da ɗaliban jami'a 36 ne. Ɗan ƙarin ƙoƙarin da aka gani a wurinsu bai wuce minti 15 ba ya gushe. Waƙa tana da amfani ga yaro, amma wadda uwa ko kaka take rera masa tana jijjiga shi ta fi wadda akwati yake yi.

Binciken da ya fi dacewa da halin ƙasar nan shi ne wanda aka fara a birnin Kingston na ƙasar Jamaika a 1986, ƙarƙashin jagorancin Sally Grantham-McGregor. An ɗauki yara 129 'yan wata 9 zuwa 24, 'ya'yan talakawa, waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar da su. Ma'aikatan lafiya na unguwa suka riƙa ziyartar gidajen waɗansunsu sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna koya wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu, da kayan wasan da aka ƙera a gida. Bayan shekara 20 aka sake neman yaran. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna cewa waɗanda aka ziyarta suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da wajen kashi 25 cikin 100. Abin lura a nan shi ne, ba yaran aka kai aji ba, iyayen aka koya wa.

A ƙasar Romaniya kuma, wani bincike da aka fara a shekarar 2000 ya bi yara 136 da suka tashi a gidajen marayu, inda ake ba su abinci da wurin kwana amma babu mai ɗaukarsu ko yi musu magana. Waɗanda aka mayar hannun iyalai masu riƙo sun fi waɗanda aka bari fahimta, waɗanda kuma aka mayar kafin su cika shekara biyu su ne suka fi samun ci gaba. Wannan ya nuna hikimar al'adar goyo da ta riƙo, wadda ba ta barin yaro ba shi da mai kula da shi.

ABINCI DA LAFIYA SU NE TUSHE

Babu ajin da zai gina ƙwaƙwalwar da yunwa take ci. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Abin da ya hana jiki tsawo yakan taɓa ƙwaƙwalwa ma.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shayar da jariri nonon uwa zalla wata shida, ba ruwa ba jiƙo, sa'an nan a fara ba shi abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu. Kunu tsura ba ya isa. A haɗa masa da gyaɗa, da wake ko waken soya, da ƙwai, da kifi, da ganye. Allah ya albarkaci ƙasar Filato da acca, da dankalin Turawa, da karas, da kabeji, da alayyafo, saboda haka gwaten da aka zuba wa ganye da ɗan kifi abinci ne na gina yaro, ba kuwa mai tsada ba. Gishirin girki kuma ya zama mai sinadarin aidin, domin rashin aidin yana kawo maƙoƙo ga manya, yana kuma dakushe basirar yaro tun yana ciki.

Akwai cututtukan da suke lalata ƙwaƙwalwa cikin 'yan kwanaki. Idan idon jariri ko jikinsa ya yi rawaya a makon haihuwa, watau shawara, a garzaya da shi asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Kada kuma a sa kafur cikin kayan jariri, domin yana tayar da wannan ciwo ga waɗansu jarirai. Zazzaɓin cizon sauro mai sa suma, da sanƙarau, da ƙyanda, duk suna iya barin yaro da kurumta ko raunin fahimta. Gidan sauro da cikakkiyar allurar rigakafi sun fi kowane magani araha.

Mutanen Filato sun san haƙar ma'adinai tun zamanin kuza, saboda haka ya kamata su tuna da abin da ya faru a Jihar Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara wajen 400 saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, da yawa daga waɗanda suka tsira kuma ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. Kada a kawo dutsen ma'adini gida, kada a bar yara su yi wasa a kan ƙasar da aka tono, a kuma nisanta su daga tsofaffin kududdufan kuza da ke kewayen Jos da Bukuru.

Tsoro mai ɗorewa shi ma guba ne. Garin Jos ya ga tashin hankali a 2001, da 2008, da 2010, kuma yaran da suka ga gudu da kuka sun ji abin a jikinsu ko da ba su iya faɗa ba. Haka yaron da yake kwana cikin faɗan iyaye ko yawan duka. Masana sun nuna cewa babban garkuwar yaro a irin wannan hali shi ne babban mutum guda mai natsuwa wanda yaron ya amince da shi.

MATSAYIN GWAMNATI

Manufar Ilmi ta Ƙasa da aka fitar a 1977 ta amince da ilmin share fagen firamare, ta kuma ce ta hanyar wasa za a koyar da ƙananan yara, amma a lokacin an bar yawancin aikin a hannun masu makarantu masu zaman kansu. Dokar Ilmin Bai-ɗaya ta 2004 ta shigar da renon ƙananan yara cikin shirin ilmin tushe. A 2007 aka fitar da manufa ta musamman kan kula da yara daga haihuwa zuwa shekara biyar, wadda ta haɗa aikin ilmi da na lafiya da na abinci. Bugun Manufar Ilmi na 2013 kuma ya sa shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya a cikin ilmin tushe. Saboda haka iyaye suna da haƙƙin su tambayi makarantar firamaren gwamnati ta unguwarsu, ko ofishin ilmi na ƙaramar hukuma, ko akwai ajin share fage.

A matakin duniya kuwa, a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya da Bankin Duniya sun fitar da tsari mai ginshiƙai biyar: lafiya, abinci mai gina jiki, kulawar da take amsa bukatar yaro, tsaro, da damar koyo tun da wuri. Ajin koyarwa yana iya taimakawa a ginshiƙi na biyar, sauran huɗun kuwa a gida suke.

KAFIN A BIYA KUƊI

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Duk wanda zai sa ɗansa a gidan reno ko wani aji, ya je da kansa ya zauna ya duba waɗannan abubuwa:

1. Yara nawa ne a hannun malama ɗaya? Ƙananan yara suna bukatar a ɗauke su a kuma amsa musu, wannan kuwa ba ya yiwuwa in sun yi yawa.

2. Ana barin iyaye su shiga su gani? Wurin da yake ɓoye aikinsa abin tuhuma ne.

3. Yara suna wasa, suna taɓa abubuwa, suna magana, ko kuwa a zaune suke shiru ana haddace musu?

4. Akwai ruwa mai tsabta, da makewayi, da shinge, da ɗaki mai iska wanda kuma yake kare yara daga sanyin hunturun Jos?

5. Ana duka ko tsawa? In ana yi, a fasa.

6. Wurin yana da rajista da hukumar ilmi? Malaman sun sami horo kan renon yara?

7. Wane alkawari ake yi? Duk wanda ya ce zai mayar da ɗan shekara biyu gwani, ko ya iya karatu cikin wata uku, ciniki yake yi.

AIKIN DA KE KAN KOWANE GIDA

A yi wa yaro magana tun ran da aka haife shi, wajen wanka, wajen girki, a kan hanyar kasuwa. A yi masa da harshen da aka fi iyawa, ko Hausa, ko Birom, ko Angas, ko Fulatanci, ko wani. Yaro yana iya tashi da harshe biyu ko uku ba tare da ya rikice ba, kamar yadda ake gani a unguwannin Jos, kuma wanda ya ƙoshi da harshen gida ya sami tushen koyon Turanci. A ba shi ludayi da ƙwarya da gwangwani mara kaifi ya yi wasa, a nuna masa hotuna, a yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a bar shi ya yi tambaya. Uba ma yana da rabo a wannan aiki, haka yayye da kakanni.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban talabijin ko waya, daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a dare da rana, da wasan motsa jiki na awa uku.

Idan jariri ba ya juyowa in an yi ƙara, ko ya kai wata 18 bai fara tafiya ba, ko ya cika shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, ko ya daina yin abin da ya riga ya iya, kada a zauna jira, kada kuma a ɗora wa iska ko baki. A kai shi asibiti mafi kusa, in da bukata za a tura shi babban asibiti kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Da wuri ake gane matsala, da wuri ake taimako.

KAMMALAWA

Tun ran gini ran zane. Mai hali ya sa ɗansa a makarantar reno ta gari, zai amfana. Wanda ba shi da hali kada ya ɗauka an bar ɗansa a baya, domin nono, da rigakafi, da hira, da wasa, da kwanciyar hankali ba sai mai kuɗi ba. Ana roƙon duk wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya karanta wa maƙwabcinsa wanda bai iya karatu ba, a kuma tattauna shi a taron suna, da ƙungiyoyin mata, da masallatai, da majami'u.